RA'AYINMU: Tun ranar miƙa makulli ake cin shari'ar mota ko a faɗi

Idan aka ɗebe rikicin kuɗin haya tsakanin masu gidaje da 'yan haya, babu ƙorafin da ya fi yawan zuwa teburin sakataren wannan ƙungiya kamar na gyaran mota. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin akasarin magidantanmu da suke da mota ba don ƙawa suka ajiye ta ba. Wani kabu-kabu yake yi tsakanin Life Camp da Wuse, wani kifi yake ɗauka daga kasuwar kifi ta Kado yana rarraba wa masu gidajen abinci, wani kuma kayan gwari yake kwasowa daga Dei-Dei ko Zuba tun kafin gari ya waye. Duk ranar da irin wannan mota ta kwana a gareji, to tukunyar gidan ma sai ta ji a jikinta. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu ajiye maganar filaye da takardun zama, mu tsaya a kan tambaya guda: idan bakanike ya gyara mota ta ƙara lalacewa, wa zai ɗauki asarar?

Bari mu fara da abin da ya faru da wani ɗan'uwanmu, wanda ya yarda mu ba da labarinsa ba tare da ambaton suna ba, kuma ba za mu ambaci garejin ba. Motarsa ta riƙa zafi tana shan ruwa, sai ya kai ta wurin wani bakanike da ya daɗe yana yi masa aiki. Bakaniken ya duba ya ce famfon ruwa ne ya mutu, kuma gaskit ɗin kan injin ya ƙone, sai an sauya duka biyun. Mai mota ya ce shi zai sayo kayan da kansa, don kada a ɗora masa riba a kai. Aka haɗa shi da yaron gareji suka tafi kasuwar kayan gyara, yaron ya nuna, shi kuma ya biya. Ba a karɓi rasit ba. Aka ɗaura, aka biya kuɗin aiki hannu da hannu, mota ta fita. Kwana uku bayan nan, yana kan hanyar Kaduna ɗauke da kaya, kafin ya kai Tafa sai hayaƙi ya turnuƙe, injin ya buga. Da ƙyar aka jawo motar zuwa Abuja, kuma kuɗin jan kaɗai ya fi kuɗin aikin da aka yi tun farko.

Daga nan aka shiga ce-ce-ku-ce. Mai mota ya ce aikinku ne bai yi kyau ba. Bakanike ya ce kayan da ka sayo ne jabu, ni ɗaurawa kawai na yi. Mai mota ya ce ai yaronka ne ya zaɓa. Bakanike ya ce yaro rakiya ya yi maka, kuma da ka ga allurar zafi ta hau me ya hana ka tsayawa? Da zuciya ta ɗebi ɗan'uwan namu, sai ya garzaya wani ofishin 'yan sanda. Ba a sami maigidan garejin ba, aka tafi da yaron, ya kwana a can. Washegari kanikawan wurin suka haɗa kai suka ce motar ba za ta fita ba sai an biya su abin da suka kashe wajen fito da yaro. Kafin mako ya zagayo maganar ta tashi daga famfon ruwa ta koma "ku Hausawa haka kuke" da "ku kuma mutanen kaza ba ku da amana". Mako bakwai cur motar tana zaune a rana, ana zare mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kafin maganar ta iso gare mu.

Da muka zauna sulhu, tambaya huɗu muka yi, kuma babu wadda aka amsa da hujja. Wane aiki takamaimai aka yi yarjejeniya a kai? A wane shago aka sayi kayan? Ina tsofaffin kayan da aka cire? Wa ya ga halin da motar take ciki ranar da aka kawo ta? Kowa sai rantsuwa. A nan ne muka ƙara tabbatar da abin da muka daɗe muna faɗa a taron wata-wata, cewa rikicin gyaran mota ba ranar da mota ta mutu a hanya ake cinsa ko a faɗi ba. Tun ranar da ka miƙa makulli aka gama, sauran duk bayani ne.

Me ya sa muka ce makulli? Domin a dokar ƙasa akwai bambanci babba tsakanin wanda ya ajiye motarsa a filin wani ya tafi da makullinsa, da wanda ya danƙa motar a hannun wani don ya yi aiki a kanta. Akwai wata shahararriyar shari'a da lauyoyi suke yawan ambata, ta Mai shari'a K. O. Anyah da otal ɗin Imo Concorde na Owerri. A watan Disamba na 1986 ya sauka a otal ɗin, ya ajiye motarsa Peugeot 505 a harabar, ya kulle ya riƙe makullinsa, da safe aka nemi mota aka rasa. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 2002 ta yanke cewa otal ɗin ba zai biya ba. Tun daga lokacin masu wuraren ajiye mota suka samu abin kafa hujja, kuma wasu masu gareji ma suka ɗauka cewa da zarar sun rubuta a bango da fenti cewa duk abin da ya sami mota ba ruwansu, shi ke nan sun wanke kansu. To ba haka ba ne. Bakanike ba aron fili ya ba ka ba. Ya karɓi motar, ya karɓi makulli, zai karɓi lada. Motar ta zama amana a hannunsa, kuma ƙa'idar da kotuna suke bi ita ce, idan abin da aka danƙa wa mutum ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, shi ne zai kawo bayanin da zai nuna ba sakacinsa ba ne. Ba mai kaya ne zai yi ta wahalar gano yadda aka yi ba, tunda ba ya wurin.

Bugu da ƙari, yanzu akwai doka rubutacciya a kan wannan. A da muna da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye wadda dokar soja ta 1992 ta kafa, amma haƙoranta ba su da kaifi. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta haifi hukumar FCCPC, mai hedikwata a Asokoro. Sashe na 130 na wannan doka kamar da mai mota da bakanike aka rubuta shi. Ya ce duk wanda ya karɓi aiki daga hannunka, haƙƙinka ne ya gama a kan lokaci, idan kuma jinkiri ya zama dole ya sanar da kai da wuri. Haƙƙinka ne ya yi aikin da ingancin da mai hankali zai sa rai da shi. Haƙƙinka ne kayan da zai ɗaura su kasance marasa aibi. Sannan haƙƙinka ne ya mayar maka da dukiyarka aƙalla a halin da ka ba shi ita. Idan ya gaza, dokar ta ba ka zaɓi: ko ya sake gyarawa, ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗinka gwargwadon gazawar. Dokar ta kuma wajabta wa mai sayar da kayan da aka taɓa amfani da su ko aka yi wa kwaskwarima ya bayyana hakan, ta wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce, kuma ba ta yarda ɗan kasuwa ya fake da wani sharaɗi don ya kauce wa alhakin babban sakacinsa ba. Wannan magana ta mayar da dukiya yadda aka karɓe ta, ita ce ta shafi masu zuwa ɗaukar mota su tarar an musanya batir, ko an yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa an liƙa bututu a madadinta, ko tankin da aka bari rabi ya koma fanko saboda yara sun yi yawon dare da motar da sunan gwaji.

Ga mu Musulmi kuwa, wannan ba baƙon hukunci ba ne, hasali ma malamanmu sun daɗe da tsefe shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wuce ta kan babin da ya yi maganar lamunin masu sana'a. A mazhabar Malikiyya, asalin wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma aka ware masu sana'ar hannu da suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, aka ce su za su biya abin da suka karɓa suka keɓe da shi, sai fa idan shaidu sun tabbatar ya halaka ba da hannunsu ba. An ruwaito cewa Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi hukunci da haka, kuma malamai sun ce dalili shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, kuma ba sa nan lokacin da ake aikin, da za a bar mai sana'a da faɗin "ya ɓace" kawai, da dukiyar mutane ta salwanta. A Muhtasar na Shaihu Halil an ƙara fayyace cewa ƙimar kayan ta ranar da aka miƙa su ce ake biya, kuma ko da mai sana'a ya gindaya sharaɗin ba zai biya ba, sharaɗin bai cece shi ba. Ku duba wannan da kyau: ranar da aka miƙa. Ta yaya za a san ƙimar ranar miƙawa idan babu wanda ya lura da halin da abin yake ciki a ranar? Har ila yau littafin ya nuna cewa yaron da yake aiki a ƙarƙashin mai sana'a ba shi ake bi ba, maigidansa ake bi. Da ɗan'uwanmu ya tuna da wannan karatu, da yaron mutane bai kwana a hannun hukuma ba.

To amma gaskiya ɗaya ce, kuma wannan mujalla ba ta masu mota kaɗai ba ce, domin a cikin 'yan ƙungiyarmu akwai kanikawa da masu faci da masu waya da masu fenti, suna biyan kuɗin wata kamar kowa. Dole mu faɗi inda mu masu mota muke da laifi. Na farko shi ne kalmar nan "a lallaɓa". Bakanike ya ce takalmin birki ya cinye, faifan ma ya zaizaye, sai mai mota ya ce a sa takalmi kawai a lallaɓa faifan zuwa ƙarshen wata. Idan birki ya ƙi kamawa a gangaren Katampe, da wane baki za a ce laifin bakanike ne shi kaɗai? Ko da yake a ra'ayinmu bakaniken kirki bai kamata ya yarda ya lallaɓa birki ko sitiyari ba ko da an roƙe shi, domin a nan ba dukiyar mai mota kaɗai ke cikin haɗari ba, har da ran fasinja da na mai tafiya a ƙasa. Na biyu shi ne sayen kaya da kanka don neman sauƙi. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, kowa yana neman na araha, alhali kuwa araha ba ta ado. Idan kai ka sayo, to alhakin ingancin kayan tsakaninka da mai shago ne, bakanike aikin hannunsa kawai za a tambaye shi. Idan shi ya sayo, duka biyun suna wuyansa, shi kuma ya je ya nemi mai shago. 'Yar ribar da kake gudun ya ɗora, a haƙiƙa kuɗin lamuni ne. Wanda ya fi son ya sayo da kansa ba mu hana shi ba, amma ya karɓi rasit mai sunan shago, a rubuta ko sabo ne ko na hannu ne irin wanda ake kira Baljiyam, a kuma rubuta kwana nawa aka ba shi na gwaji. Masu sayar da injin da giya na hannu a Apo sun saba ba da 'yan kwanakin gwaji, amma idan da baki aka yi, ranar da ka dawo da kaya sai a ce ba a gane ka ba.

Kuma ba kowace lalacewa ce da ta biyo bayan gyara take zama laifin mai gyara ba. Mazauna Abuja ba za su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Baljiyam, kamfanin mai na ƙasa ya amsa da bakinsa cewa haka ne, aka janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai. Motoci da dama sun lalace a lokacin, kuma kafin gaskiya ta fito kanikawa nawa aka zaga a banza? Malaman fiƙihu ma sun yi hangen irin wannan, inda suka ce aikin da asalinsa akwai kasada a ciki, kamar huda lu'ulu'u, mai sana'a ba ya biya idan ya fashe sai in an tabbatar ya yi ganganci. Wanda ya kai injin da ya shekara ashirin da biyar yana aiki aka buɗe, ya san kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sannan mu sani, bakanike yana da haƙƙin riƙe mota har sai an biya shi ladan aikin da aka amince a kai. Abin da ba shi da haƙƙi shi ne ya sayar da ita da kansa, ko ya riƙa hawa, ko ya zare kayanta ya ce ya fanshe. Haka kai ma ba ka da haƙƙin zuwa da dare da makullin ajiya ka ɗauke ta alhali ana bin ka.

Yanzu sai maganar 'yan sanda, wadda ita ce ta fi damunmu. Jama'armu sun ɗauka ofishin 'yan sanda shi ne wurin karɓo bashi da tilasta biyan diyya. Ba aikinsu ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda take aiki a nan Babban Birnin Tarayya, ta faɗa a sashe na 8 cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rikicin da ba na laifi ba, sashe na 7 kuma ya haramta kama wani a madadin wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haka a sashe na 32 da na 36. Aikin da bai yi kyau ba saɓa yarjejeniya ne, ba laifin ɗauri ba ne. Wanda ya sa aka tsare bakanike ko yaronsa a kan haka yana iya wayar gari shi ake ƙara a babbar kotu kan tauye haƙƙin ɗan'adam, ya biya diyyar da ta fi kuɗin injin, garin neman gira a rasa ido. Inda 'yan sanda suke da hurumi shi ne inda aka shiga cin amana ko zamba: ya karɓi kuɗin sabon kaya ya wanke tsohon ya mayar, ko ya sayar da motar, ko ya cire kayanta masu kyau ya sa matattu, ko ya karɓi kafin alƙalami ya gudu. Waɗannan laifuka ne a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Abuja, kuma duk mai zuwa sauraren shari'a a kotun yanki ta Kado ya san irinsu ba baƙi ba ne a can. Amma ko a nan ɗin, da me za ka tabbatar an musanya maka kaya idan ba ka san lambar batirinka ba, ba ka kuma taɓa ɗaukar hoton cikin bonet ba?

Akwai kuma wata cuta da take cin mu, wato jin cewa mu baƙi ne. Sau da yawa mutum zai zo ofis a cuce shi ƙarara, mu ce ya rubuta ƙorafi, sai ya ce, "Sakatare, a bar wa Allah, mu da muka zo neman abinci ina mu ina shari'a a garin mutane?" Wani kuma akasin haka, ya tara 'yan'uwa a tafi gareji da hayaniya. Duka biyun daga tushe ɗaya suke, wato rashin yarda cewa hukuma tamu ce. Abuja dai an kafa ta da dokar soja mai lamba 6 ta 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba 1991, kuma an yi ta ne don kowane ɗan Nijeriya. Muna girmama Gbagyi da sauran waɗanda muka tarar a wannan ƙasa, kuma zaman lafiya da su wajibi ne a kanmu. Amma tsarin mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Babu kotun da za ta tambaye ka takardar shaidar asalin jiha kafin ta saurari ƙarar gyaran mota. Shi ma bakaniken da kake rikici da shi, ko daga Ogbomosho ya zo ko daga Nnewi ko daga Funtuwa, neman abinci ya kawo shi kamar kai. Galibinsu ma sun fi mu zama a kan ƙaya, domin tun rushe-rushen zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, bakaniken da ba shi da shago a wurin da aka ware, a gindin bishiya yake aiki, kullum ido na kan hanya ko jami'an tsaftace birni za su zo. Wannan ma abin lura ne ga mai mota: wanda ba shi da adireshi tsayayye, idan an tashe su gobe, ina za ka kai masa takardar sammaci? Kafin ka bar mota ta kwana, ka san gidansa ko ka san shugaban wurin.

Idan abin ya riga ya faru, hanyar da muke ba da shawara ba ta da tsawo. Da ka ji alamar matsala ka tsaya, kada ka ce bari in ƙarasa, domin tafiyar kilomita goma da injin mai zafi tana iya mayar da laifin kanka. Ka kira wanda ya yi aikin ka sanar da shi nan take, ka ba shi damar ya gani ya gyara, domin doka ma gyara ta fara ambata. Kada ka bari wani bakanike ya wargaza aikin kafin na farko ya gani, in kuwa dole ne, a ɗauki hoto, a adana duk abin da aka cire, kuma na biyun ya faɗi abin da ya gani a gaban shaidu. Idan ba ku daidaita ba, kusan kowace matattarar kanikawa tana da shugaba, da yawansu kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA. Mun ga lokuta da dama da shugabannin nan suka duba aiki suka ce wa ɗansu kai ne ba ka ɗaure kan injin daidai ba, domin su ma ba sa son sunan wurinsu ya ɓaci, kuma sun fi kowane alƙali sanin inda noti ya kwance. In hakan bai yi ba, sai a rubuta masa takardar neman haƙƙi, a faɗi abin da ake nema da wa'adin da aka ba shi, a riƙe kwafi. Daga nan ƙofofi uku ne a buɗe. Akwai FCCPC, inda shigar da ƙorafi kyauta ne. Akwai zauren sasanci na Babbar Kotun Abuja da aka buɗe a 2003, inda ake zaunar da masu rikici a daidaita su, kuma abin da aka sa wa hannu alƙali ya amince da shi ya zama kamar hukuncin kotu. Sannan akwai kotun ƙananan da'awowi, tsarin da Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, Abuja ma ta kafa nata, inda mutum yake iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma an tsara ta ne don a gama cikin ɗan lokaci. A duk waɗannan wurare abin da za a fara tambayarka shi ne: ina takardarka?

Mun san abin da wasu za su ce, wai neman takarda wurin mutumin da kuka shekara goma kuna hulɗa rashin yarda ne, kuma da kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin, waɗanda suka fi mu yarda da juna nesa ba kusa ba. Wasu kuma za su ce ba su iya rubutu ba. Mai wannan rubutu da gemunsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ya kai shi shi ne wata takarda da ya taɓa dangwala wa hannu bai san abin da ke cikinta ba. Ba a bukatar Turanci. Hausar boko ta isa, ajami ma ya isa, in dai ɓangarorin biyu da shaida sun san abin da aka rubuta. Wanda duk bai iya ba, ai akwai waya a aljihunsa. Ya zagaya motar da hoton bidiyo a gaban bakaniken, ya nuna batir da tayoyi da safaya da jak da allurar mai da lambar tafiyar da ke kan allo, ya sa bakaniken ya faɗi da bakinsa aikin da zai yi da kuɗin da ranar gamawa. Ya biya ta banki maimakon hannu da hannu, don saƙon ya zama shaida. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan hujjoji na na'ura a kotu. A kuma yi sharaɗi tun farko cewa ba za a ƙara wani aiki ba sai an kira ka, kuma duk abin da aka cire a saka maka a but. Bakaniken kirki ba zai ƙi ba, domin takardar nan shi ma ta kare shi daga mai motar da zai dawo bayan wata biyu ya ce ai tsagewar gilashin nan a garejinka ta faru.

Game da ɗan'uwanmu da muka faro da labarinsa, bayan zama uku tare da shugaban kanikawan wurin da wani dattijon bakanike da ɓangarorin biyu suka amince da shi, an buɗe injin a gaban kowa. Dattijon ya nuna cewa famfon ruwan da aka sayo jabu ne, amma kuma ba a kai kan injin an daidaita shi ba kafin a ɗaura sabon gaskit, alhali duk mai wannan aiki ya san injin da ya yi zafi sai an duba ko ya lanƙwashe. Aka raba asara: mai gareji ya ɗauki aikin sake haɗa injin kyauta da mayar da duk abin da aka zare lokacin da motar take zaune, mai mota ya sayi kaya, ya kuma biya abin da aka kashe a kan yaron tare da ba shi haƙuri a gaban jama'a. Kuɗin jan mota da cinikin mako bakwai kuwa sun tafi, babu wanda zai biya shi.

Kwamitin zartarwa ya amince a buga 'yar takardar miƙa mota mai shafi ɗaya, da Hausa a gaba da Turanci a baya, mai gurbin lambar mota, aikin da za a yi, wanda zai sayo kaya, kuɗin aiki, ranar karɓa, kwanakin gwaji, da sa hannun mutum biyu da shaida ɗaya. Za a same ta a ofishin sakatare kyauta, kuma kanikawan da suke cikin ƙungiya sun yi alkawarin ajiye ta a garejinsu. Wanda yake da rikicin da bai kai ga hukuma ba tukuna, ya zo ranar Asabar bayan sallar La'asar, ya taho da duk abin da aka cire daga motar, ko da a buhu ne.

Sakataren Ƙungiya